Yashin da Ya Shiga Cikin Goggo

Ku gafarce ni tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, sai abin da mushe, wato malaminmu, ke sa mu kwafa a aji, kuma wannan shafin ma sau uku ina yage shi. Da zan iya faɗin abin da baki, da na faɗa na huta. To ni ko mutum uku suka zuba mini ido sai murya ta maƙale. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik, littafin rubutu da biro ke nan. Sunana Habi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuci, don Allah kada ya kira ni gaban mutane.

Abin ya faru a bazarar da ta biyo farin shekarar tamanin da huɗu, a garinmu, kusa da Cadakori. Wanda ya ga shekarar ba sai an tuna masa ba. Rijiya ɗaya ta rage da ruwa, kowane gida tulu biyu a yini: na sha, na tuwo, na alwala. Kwano da tukunya kuwa sai a goge su da yashi, a share da tsumma. Ni ce mai wannan aikin a gidanmu tun wata huɗu kafin nan, lokacin da na baro kolej a Maradi, don gidan da nake zaune sun ce ba su iya ciyar da baƙuwa.

Mota ɗaya ce a garin, ta yayana Balarabe, tsohuwar bashe mai buɗaɗɗen baya. Ana ce mata Goggo, don tana tari da safe kuma ba ta son gaggawa. Ita ke zuwa Gidan Rumji duk sati biyu ta kwaso mana jar dawar taimako. Man inji take sha ba kaɗan ba. Kullum da safe Yaya zai ɗaga murfin kanta ya ƙara mata gwangwani guda kafin ya tada ta.

Ran wata Lahadi ya tada ta, sai muka ji wata ƙara daga can gindinta, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Jar fitilar mai ta kama, ta ƙi mutuwa. Yaya ya kashe motar ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Saura kwana shida ranar rabon dawa.

*

Ran Litinin Ɗan Azumi makanike ya zo daga Gidan Rumji a kan ɗan babur ɗinsa, mobilet. Gajere ne, mai faɗa, taba ba ta barin bakinsa. Aka tura Goggo gindin gawon ƙofar gari, aka rataye injin a reshe, aka sauke shi kan tsohuwar tabarma. Rabin gari na tsaye.

Bari in faɗi yadda cikin yake, kamar yadda na gani. A gindin inji akwai wani ƙarfe mai gwiwoyi wanda ke juyawa, Ɗan Azumi na ce masa birbirike. Hannuwa huɗu ke riƙe da gwiwoyin, su ne biyel. Tsakanin kowane hannu da gwiwarsa akwai ɓawo biyu na ƙarfe mai laushi, kamar an raba awarwaro gida biyu. Su ake kira kusine. Su ke ɗaukar wahalar, mai na bi ta kansu. In suka cinye, sai hannu ya riƙa dukan gwiwa, wannan ce ƙarar da muka ji.

Ɗan Azumi ya kwance kaskon mai na ƙasa. Ya tsoma yatsa a gindinsa, ya murza, ya sake murzawa kusa da kunnensa.

“Balarabe, wagga mota hura kake ba ta ko mai?”

“Mai, wallahi.”

“To mai da yashi kake ba ta. Ku ji.”

Ya murza yatsun a kan murfin kwano. Ƙaras, ƙaras. Ya kwance hannuwan ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowane shaida da ƙusa don kada su cuɗe, ya jera kusine takwas a faranti. Duk sun ci, farin samansu ya tafi, jan ƙarfe ya fito. Ya ja farce a kan gwiwar birbirike, farcen ya maƙale.

“Wanga sai Maradi, a fere shi. Alhamis in dawo da shi da sabbin kusine.”

Ba wanda ya saurari maganar Maradi. Kalma ɗaya ta shiga kunnen mutane: yashi. Wa ya zuba wa Goggo yashi? Wa ke son gari ya kwana da yunwa?

Jibrilla mai jakai ne ya fara. “Ran Asabar da azahar na ga Bafillacen nan durƙushe gindin motar.”

Wata mata ta ce ita ma ta gan shi, hannunsa baƙi ƙirin.

Bafillacen shi ne Hamma. Kwana tara kenan da ya sauka a jigawar arewa da gari, shi da matarsa Inno da ’ya’yansu mata biyu ƙanana, da shanu huɗu, ragowar sittin. Sunansa ba ya cikin takardar rabon dawa, kuma sau biyu ana cacar baki da shi a bakin rijiya. Kafin la’asar an kawo shi zauren Maigari. Maigari ya ce ran Juma’a za a miƙa shi ga jandarma, kuma daga ranar iyalinsa su tashi daga jigawar, babu su babu rijiyarmu. Rijiya ta gaba tafiyar yini ce. Kowa ya san shanun nan ba za su kai ba, yaran ma da wuya.

Sai Baba Jibo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

Baba Jibo kakana ne na wajen uwa, mai bin sawu. Shekara arba’in yana bin ɓarayin shanu har cikin Najeriya. In ya dubi ƙasa yakan ce wane ne ya wuce, kuma ya ci abinci ko bai ci ba.

“Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa Juma’ar. In shi ne, ni da kaina zan riƙa mashi igiya.”

Maigari ya yarda, amma ya ce jandarma takarda suke so, sai a samu mai rubuta abin da kowa ya faɗa. Baba Jibo ya waiwayo ya nuna ni da sanda.

“Ga amaryata nan, ’yar lakol mai boko. Tuwonta ba shi ciyuwa, amma an ce ta iya rubutu.”

Aka yi dariya. Na so ƙasa ta buɗe.

*

Da Hamma muka fara. Dogo ne, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya tashi ya gaida Baba Jibo da hannu biyu.

“Ka je gindin motar ran Asabar?”

“Na je, Baffa.”

“Yin mi?”

“Mai na ɗebo. Wanda ke ɗiga ƙasa. Nagge tawa, Wule, ƙazuwa ta cinye wuyanta. Baƙin mai shina kashe ƙazuwa.”

“Mi ya hana ka roƙi mai motar?”

Hamma ya sunkuyar da kai. “Na roƙi ruwa, an yi mani faɗa. Na roƙi dusa, an yi mani faɗa. Na ce wanga ƙasa ce ke shan shi, ita ba ta faɗa.”

Na rubuta haka.

Muka tafi rumfar da Goggo ke kwana, a jikin dangar gidanmu. Mutane sun tattake bakin rumfar, amma tsakiya, inda cikin motar ke rufewa, ba wanda ya taka. Baba Jibo ya tsuguna ya daɗe. Ya nuna mini gurbin gwiwa biyu, da tafin hannun hagu, da inda aka kankare baƙar ƙasa da sakaina.

“Ina bakin da ake zuba mata mai?”

“Can gaba, Baba. Sai an ɗaga murfi.”

“To wanga mutum ta gefe ya zo, ta gefe ya koma. Bai zagaya gaba ba.”

Muka bi sawun har jigawa. Inno na zaune a inuwar tabarmar da ta kafa da itace biyu, ’yan matan na kwance a cinyarta. Ta tashi ta jawo wata baƙar saniya ta juya mana wuyanta. Baƙin mai ne shafe a kan ƙurajen, da ƙasa a cikinsa. Sakainar na nan a gefe.

Na yi murna, na ce a raina an gama. Amma da muka kai wa Maigari, mutanen zaure suka ce wannan ranar Asabar ce kawai. Wa ya san ko ya koma wata rana? Mutumin da aka hana dawa, me zai hana shi hana kowa? Hamma ya sake kwana a zaure.

*

Ran Laraba Baba Jibo ya ce mu je wurin Jibrilla. Kafin zuwan Goggo, jakansa ke yi wa gari dako, kuma kowa ya ji shi a kasuwar Cadakori yana cewa Allah ya sa motar nan ta mutu a huta da hayaƙi.

Mun same shi bayan gida yana ɗaga wani jaki da ya ƙi tashi.

“Jibrilla, an ce ka yi wa Goggo baki.”

“Na yi! Kullum ina yi. Ita ma in ta wuce ni sai ta busa mani ƙura.”

“Kai ne kuma ka fara nuna Bafillace.”

Jibrilla ya saki wutsiyar jakin, ya miƙe. “Jibo, kai da ka san sawu, ƙirga mani ƙafafun da ke tsaye cikin wanga turke. Jakai bakwai gare ni bara. Ga abin da ya rage, shi ma sai na yi mashi magiya. In na kashe Goggo, da mi za a ɗauko dawar? Da kaina? Ɗiyana tara, Jibo. Ni na fi kowa son tsohuwar nan ta tashi, in ci gaba da zaginta da ƙoshi.”

Baba Jibo ya dubi turken, ya dubi jakin. Ya kama wutsiya, Jibrilla ya kama kunne, suka ɗaga shi tare. A hanya ya ce mini, “Goge sunanshi, amarya. Baki gare shi, ba hannu ba.”

Saura kwana biyu, ba mu da kowa.

*

Ran Alhamis da hantsi Ɗan Azumi ya dawo, birbirike ɗaure a bayan mobilet cikin buhu, gwiwoyinsa na sheƙi. Ya warware wata takarda mai maiƙo, ga sabbin kusine takwas, farare sumul. Yana jera su yana yi wa Yaya faɗa.

“Matatar mai kuma, yaushe rabonka da canza ta?”

“Shekara biyu. Ba a samu.”

“Ta toshe tun bara. Mai kewaye ta yake shi wuce, da duk abin da ya ɗauko. Allah shi shirye ku, direbobin ƙauye.”

Baba Jibo ya zauna a bakin tabarma, ya ɗauki sabon kusine a hannun dama, tsoho a hagu. Ya karkata tsohon ga rana kamar yadda yake karkata kai in yana duban ƙasa da sassafe. Ya bi shi da babban yatsa a hankali.

“Ɗan Azumi, in mutum ya zuba tafi guda na yashi rana ɗaya, mi za a gani?”

“Mi za a gani? Ba ta kai Cadakori ba za ta tsaya cik. Ka ga rami-rami masu kaifi, farin ƙarfen ya yage kamar kura ta ja.”

“Wanga ya yage?”

Ɗan Azumi ya karɓa. Ya cire tabar daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba. “A’a. Wanga ya suɗe ne.”

“Dubi nan,” in ji Baba Jibo. “Ga zane mai kaifi, na jiya-jiya. Ga wani ƙarƙashinshi, bakinshi ya mutu. Ga wani ya kusa ɓacewa. Amarya, in garke ya ratsa gona sau ɗaya, kin san yadda take zama. In kuma hanyar rijiya ce, kullum ana bi, sai ta yi santsi, sawu kan sawu. Wanga hanyar rijiya ce. Wata nawa, makanike?”

“Uku. Ko huɗu. Kaɗan-kaɗan, kullum.”

“Hamma kwananshi goma sha biyu yau.”

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Yaya ma ya sauke numfashi. Amma Baba Jibo ya riga ya miƙe.

“Mutanen zaure ba su sakin wanda ke hannu sai an ba su wani abu su riƙe. Abin da ke shiga kullum, ƙofa gare shi. Balarabe, nuna mani yadda kake ba ta mai.”

Muka koma rumfa, mu uku. Yaya ya nuna galan ɗin mai, a rufe, rataye a sama. Baba Jibo ya tsiyaya kaɗan a tafinsa ya murza. Babu komai. Ya tsaya yana duban rumfar. Tsummoki baƙaƙe. Ƙarafan kwance ƙusa baƙaƙe. Ginshiƙin da Yaya ke share hannu baƙi. Sai abu ɗaya a kan dutse, kife, yana ƙyalli kamar kwanon amarya: tsohon gwangwanin tumatir da ake awon man.

“Na shiga garejin Maradi, na shiga na Katsina,” in ji Baba Jibo. “Ban taɓa ganin gwangwanin mai da ke ƙyalli ba.”

Ya karyo ƙayar aduwa daga danga, ya bi lungun gindin gwangwanin, inda ƙarfen ya naɗe. Ya kakkaɓe a baƙin tafinsa. Yashi, fari, laushi, kamar rabin cokalin shayi.

Ban san yadda zan rubuta wannan wurin ba. Na san yashin. Ni nake ɗebo shi daga busasshen kwari, don ya fi na jigawa fitar da kwano. Ranar da na dawo daga Maradi na ga an ƙara ruwa a kunu don ya kai gare ni, sai na ƙudura ba za a ce baki kawai na ƙara wa gidan ba. Na goge tukwane, na goge kwanoni, da na ga gwangwanin Yaya ya yi baƙi, shi ma na sa shi cikin lissafi. Kullum da yamma. Ruwan ɗauraya kuwa babu. Ina jin daɗi in na ga yana sheƙi.

Kaye ya faɗi daga hannuna.

“Ni ce,” na ce. “Yaya, ni ce. Kullum.”

Yaya ya dube ni, ya dubi gwangwanin. Na jira mari. Sai ya zauna a kan dutsen, ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na zaci kuka yake. Dariya ce, irin wadda ke fita da hawaye.

“Wata huɗu ina ce wa mutane ƙanwata ta fi matan gari tsabta!”

Baba Jibo bai yi dariya ba. Ya ɗauko kayen ya kakkaɓe ya miƙo mini. “Amarya, ni ba zan kira sunanki ba. Amma mutum ya kwana uku a zaure, matarshi na jigawa ita kaɗai. Gobe gwangwanin nan zai yi magana gaban kowa.”

*

Ran Juma’a da safe aka taru gindin gawo. Maigari a kan kujera, Hamma a tsaye tsakanin mutum biyu, Jibrilla a gaba-gaba, Yaya kusa da injinsa. Mata muka tsaya baya. Inno ta zo da ’ya’yanta, ta riga ta ɗaure kayanta a kan saniya. Ban san yadda aka yi ba na tsinci kaina a gefenta.

Baba Jibo ya sa aka zagaya da kusine biyu, sabo da tsoho, kowa ya taɓa. Ya faɗi maganar gona da hanyar rijiya. Ɗan Azumi ya ce shi ya shekara ashirin yana buɗe inji, kuma ya rantse yashin nan ya riga Bafillace zuwa garin da wata uku. Sannan Baba Jibo ya fito da gwangwanin daga aljihu, ya bi lungunsa da ƙaya, ya kakkaɓe a tafin Maigari.

Ya ɗaga gwangwanin sama ya ce:

“Ba mugunta ta kashe Goggo ba, ranka shi daɗe. Goge-goge ne. An goge da yashi, babu ruwan ɗauraya.”

“To wa ya goge?” in ji Jibrilla. “A faɗi! An ɓata mana sati guda!”

Na buɗe baki. Na ce, “Ni ce.” Wallahi na faɗa. Amma muryar ko kafaɗar matar da ke gabana ba ta tsallake ba, don a daidai lokacin tsohuwa Baturiya, ungozomar gari, ta buga sandarta a ƙasa.

“Kai Jibrilla, rufe mana baki! Kwanon da ka ci tuwo jiya, da mi anka wanke shi? Ku mata, duk wadda ta ɗauraye kwano da ruwa bana, ta ɗaga hannu in gan ta.”

Ba hannun da ya tashi.

“To. Mu duka yashin muke ci, mu dai ba mu da kusine.”

Dariya ta ɓarke, har Maigari. Yaya ya taka gaba ya ce, “Ranka shi daɗe, gwangwanina ne, rumfata ce, ni ke zubawa ban duba ba. In akwai mai zuwa wurin jandarma, ni ne.”

“Kai in ka tahi wa zai tuƙa?” in ji Maigari. Ya miƙe da kansa, ya je gaban Hamma. “Bafillace, mun zalunce ka. Ka yafe mana.”

Hamma ya waiwaya ya dubi Inno da ’ya’yansa. Sannan ya ce, “Na yafe, Baffa. Ruwan fa?”

“Tulu biyu, kamar kowa. Da ƙwarya guda ga shanu. ’Yar lakol, ina kike? A sa sunanshi cikin takardar dawa, mutum huɗu.”

Ina rubutawa na ji an kama mini ɗayan hannun. Inno ce. Ita kaɗai ta ji abin da na faɗa. Ta matse yatsuna sau ɗaya, ta saki, ta juya ta fara kwance kayan da ke kan saniya.

*

Bayan sallar Juma’a aka shiga aiki. Ɗan Azumi ya wanke kowane lungu na injin da gazuwal, man dizal, ya sa aka riƙa hura hanyoyin mai da famfon keke har suka fita fes. Ya sa sabuwar matata da ya zo da ita. Ya hana kowa matsowa da takalmi, ya sa mata biyu suka riƙe zane ta wajen iska. Kowane kusine ya share bayansa ya bushe, ya danna shi a gurbinsa, ɗan haƙorinsa ya faɗa cikin tsagarsa, ya shafa wa fuskarsa sabon mai da yatsa. Ya mayar da kowane murfi ga hannunsa bisa shaidar ƙusa. In ya ɗaure ɗaya sai ya juya birbirike da hannu, ya saurara, sannan ya wuce na gaba. A na uku ya ƙi juyawa. Ya kwance, ya sami ƙwayar yashi ɗaya tak a bayan kusinen, ya ɗaga ta a kan farce ya nuna wa jama’a.

“Kun ga ta? Ɗaya! Daga yau duk wanda ya wanke gwangwanin mai a garin nan, ni da shi ne.”

Tsohon man da aka tsiyaye, kasko guda, Yaya ya ɗauka ya kai gaban Hamma. “Na Wule ne. Da yashi ciki, zai yi mata susa.”

Ran Asabar da safe igiyar da aka rataye injin ta tsinke kafin a ɗaga. Hamma ya tafi jigawa ya dawo da igiyar gugarsa ta fata. Shi da Jibrilla suka kama bakinta ɗaya, Jibrilla na ta mita wai Bafillace ba ya ja, Hamma na cewa mai jakai ya saba a ja masa. Injin ya sauka a gurbinsa.

Yaya ya shiga ya yi bisimilla. Goggo ta yi tari sau ɗaya. Sau biyu. A na uku ta kama. Jar fitilar ta tsaya, muka ƙura mata ido, ni har na daina numfashi, sai ta mutu. Ɗan Azumi ya kafa dogon ƙarfe a jikin injin, ya sa ɗayan bakin a kunnensa, ya ɗaga hannu a yi shiru. Babu ƙwal. Sai gurnani mai laushi, kamar kyanwa ta ƙoshi.

“Ku tahi ku ɗauko dawarku,” in ji shi. “Sannu-sannu, kada ka matsa mata.”

Mata suka rangaɗa guɗa. Maza suka yi ta hawa baya, Hamma ma aka jawo shi sama don ya je a ga fuskarsa a wurin rabo. Na ji Maigari na tambaya ina ’yar lakol ɗin nan, a kira ta ta karanta wa jama’a abin da ta rubuta tun daga farko.

To ga shi na rubuta, har da abin da muryata ta kasa kaiwa. Amma ranar ban tsaya ba. Hayaƙin Goggo ya rufe wurin, kowa na kallon mota, sai na rungume kayena na zame ta bayan gawo, na bi jikin danga. Na wuce rumfa, na ga sabon gwangwanin Yaya a kan dutse ya fara baƙi, na ɗauke kai na bar shi da dauɗarsa. Ba wanda ya ga fitata. Baba Jibo kaɗai zai iya ganin sawuna a ƙasa, shi kuwa ya riga ya ce ba zai kira sunana ba.